Cibiyar Bincike Ta Samaru Da Jami'a: Ina Matsayin Ɗalibi A Tsakani?

Tambaya: Na sami gurbin digiri na biyu a fannin inganta iri a Jami'ar Ahmadu Bello, amma an ce min malamin da zai duba aikina ma'aikacin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ne, kuma a gonar cibiyar zan yi gwaji. Shin cibiyar jami'a ce ko hukuma ce daban? Wa zai ba ni shaidar digiri, kuma sakamakon aikin na wane ne? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Malam, cibiyar da kake magana ta girmi jami'ar da shekara arba'in. A 1922 aka kafa ta a Samaru a matsayin sashen bincike na ma'aikatar gona ta Arewa, sai da aka buɗe jami'ar a 1962 sannan aka haɗa ta da ita. Tun daga lokacin take da iyayen gida biyu: ta fuskar ilimi da matsayin malamai tana ƙarƙashin jami'a, amma aikin da aka ɗora mata na ƙasa ne, wato inganta masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga, kuma kuɗin wannan aiki ta hannun ma'aikatar gona ta tarayya da masu ba da tallafin bincike yake zuwa. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya da safe yana gona yana auna tsayin dawa, da azahar yana aji yana koyarwa. Irin wannan zama ba a Zariya kaɗai ake yin sa ba. A Amurka, jami'ar Caltech ce ke gudanar da cibiyar binciken sararin samaniya ta JPL a madadin NASA, hukumar sararin samaniya ta ƙasar.

Maganar shaida ba ta da tsawo. Cibiya ba ta ba da digiri. Majalisar malaman jami'a ce ke amincewa da shi bayan ka kare kundinka a gaban mai jarrabawa na waje.

Abin da cibiya za ta ba ka shi ne abin da sashen koyarwa shi kaɗai ba zai iya tanada ba: fili da aka san tarihin ƙasarsa, da rumbun iri da aka shekara da shekaru ana tarawa, da tashoshin gwaji irin na Kadawa inda ake noman rani, da kuma ma'aikatan gona waɗanda hannunsu ya faɗa. Kada ka raina waɗannan na ƙarshe. Haɗa auren wake, alal misali, ba a littafi ake koyon sa ba. Da yamma ake zaɓen furen da bai buɗe ba, a sa hantsaki a tsaga shi a cire sassan namiji ba tare da an ji wa na mace ciwo ba, washegari da sassafe a kawo garin furen uban da aka zaɓa a shafa, a ɗaura zare da 'yar takarda mai lamba. Sabon ɗalibi zai yi hamsin ya ga kaɗan sun kama, alhali dattijon da ke gefensa, wanda wataƙila ko difloma ba shi da ita, yana yi yana hira.

Inda nake so ka fi mai da hankali shi ne agogon ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Digirinka na shekara biyu ne a takarda, amma fitar da sabon iri kan ci shekara takwas zuwa goma kafin kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya yi masa rajista. Waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke huda kwanso, an yi kusan shekara goma ana gwada shi a Samaru kafin a sake shi ga manoma a ƙarshen 2019. Ke nan abin da za a ba ka yanki ne na wata doguwar tafiya da aka fara kafin ka zo, kuma za a ci gaba da ita bayan ka tafi. Ga kuma agogo na uku, damina, wadda ba ta san kalandar jami'a ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya faro a Fabrairu ya ƙare a Oktoba, wato ya haɗiye damina guda cur, kuma ɗalibin da shuka ta wuce shi, shekara ce ta wuce shi sai in yana da hanyar ban ruwa.

Daga nan amsar tambayarka ta ƙarshe take fitowa. Kundin naka ne, da sunanka a bangonsa, amma irin da ka yi aiki da shi na cibiya ne, ba ka da ikon ɗaukar ko da mudu guda ka kai wani wuri ba da izini ba. Bayanan da ka tattara kuwa, idan wani tallafi ne ya biya kuɗin taki da feshi da lebura, to sharuɗɗan tallafin na iya hana ka wallafa su sai an kammala babban aikin. A ganina nan ne yawancin saɓani tsakanin ɗalibi da malami yake tasowa, ba don mugunta ba, sai don kowa ya yi kunyar tambaya tun da wuri. Saboda haka kafin ruwan farko ya sauka, ka zauna da malaminka cikin ladabi ku rubuta wanda zai biya kuɗin gona, da yawan daminar da gwajin yake buƙata, da jerin sunayen da za su hau kan maƙalar da za ta fito, sannan ka roƙi a haɗa maka da malami na biyu daga sashenku wanda zai riƙa bin maganar rajista da ranar kare kundi yayin da kai kake gona.