Wane injin lantarki ya dace da ƙaramin jirgin fantun na kamun kifi?

Ɗan'uwa, ka ce jirginka fantun ne, mai dandamali a kan bututai biyu, kuma kana son injin lantarki mai tafiya a hankali don kada ƙara ta kori kifi.

Fara da nauyi. Haɗa na jirgin, mutane, batir da kayan kamu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce fam 2 na ƙarfin turin injin ga kowane fam 100 na nauyi (fam ɗaya kusan rabin kilo ne). Amma fantun iska tana kama shi sosai saboda faɗinsa da shingen gefensa, don haka ni dai zan ƙara a kan lissafin. Injin bolt 12, wato mai aiki da batir ɗaya, ƙarfin turinsa yakan tsaya a fam 55. In kana buƙatar 70 ko 80, sai bolt 24, wato batir biyu.

Tsawon sandar injin, wadda ke kai farfela cikin ruwa, shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Dandamalin fantun yana da tsayi daga ruwa, gajeriyar sanda kuwa farfela ce za ta riƙa fitowa duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga gaban jirgin. Auna daga dandamali zuwa ruwa, ka ƙara kamar inci 20.

Kada ka sa batirin mota, ba a yi shi don zuƙewa da sake caji kullum ba. Nemi na jiragen ruwa mai jure hakan. Injin fam 55 a cikakken gudu yana jan wutar da ta kai amfa kusan 50, don haka sa abin yanke wuta na amfa 60 kusa da batir, da waya mai kauri.