Tambaya da Amsa: Mayar da Tsohuwar Waƙar Ingilishi Zube

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin adabi ne a wata sakandare da ke karkarar Ringim, Jihar Jigawa. Ina so in mayar da ɗaya daga waƙoƙin Chaucer, tsohon mawaƙin Ingila, zube cikin Hausa, ko ɗalibaina sa daina gudunsa. Ta ina zan fara, kuma me ya fi ɓata irin wannan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi jagora. Kada ka kinkimi littafinsa Canterbury Tales gaba ɗaya, labarai 24 ne, kuma Geoffrey Chaucer ya rasu a 1400 bai kammala shi ba. Ɗauki guda. Mu dai da za a bar mu, labarin da mai sayar da takardun yafe zunubi ya ba abokan tafiyarsa za mu zaɓa: samari uku sun fita neman Mutuwa su kashe ta, sai suka tarar da tulin zinariya a gindin wani itace, kwaɗayi ya sa suka hallaka juna.

Ka nemi bugun da ke da sharhin kalmomi a ƙasan shafi. Ka riƙa ɗaukar ɗango 20 zuwa 30 a zama ɗaya, ka fara rubuta ma'anarsu tsurarta, ba ado. Sai ka rufe littafin, ka ba da labarin da baki kamar kana zaune a dandali bayan isha'i, sannan ka rubuta abin da ya fito daga bakinka. Daga ƙarshe ka buɗe littafin ka duba abin da ka zubar a hanya.

Kalmar da ba ka sani ba ba ta cika cutarwa, domin za ka bincika ta. Wadda ka ɗauka ka sani ita ce ramin. A Ingilishin Chaucer "nyce" na nufin wawa, "sely" na nufin mara laifi ko abin tausayi, "mete" kuma kowane irin abinci ne, ba nama kaɗai ba. Wanda ya bi ma'anar yau sai ya yabi mutumin da marubucin ke yi wa dariya.

Waƙar tana tafiya ne da amsa-amo bibbiyu, ɗango mai gaɓa goma ko kusa da haka. A zube wannan duk zai tafi, kada ka tilasta shi. Abin da ba za a yarda ya tafi ba shi ne ƙananan abubuwa. Ƙaramin samarin ya shiga gari sayen burodi da giya, ya ce wa mai magani ɓeraye sun dame shi, ya sami kwalabe uku, ya zuba guba a biyu, ya ware ɗaya don kansa. Wannan kwalba ta uku ita ce hoton zuciyarsa, kada ka taƙaita ta zuwa "ya sa musu guba". Haka zinariyar: Chaucer ya kimanta ta da ma'aunin hatsi, kusan "bushel" takwas. Ka faɗa wa yara cewa kuɗi ne da sai an auna su kamar gero a tiya, amma ka bar Ingila a Ingila, kada itacen ya koma kuka.

Kuma kar ka yanke mai ba da labarin, wato mai sayar da takardun nan. Shi da kansa ya amsa cewa kwaɗayi ke sa shi wa'azi a kan kwaɗayi, yana gamawa ya shiga tallar hajarsa ga abokan tafiya. In ka cire shi, tatsuniya kawai ta rage.

Tambaya: Ni ɗaliba ce daga wajen Gwarzo. Shin Beowulf, tsohon labarin jarumta na Ingilishi a waƙe, shi ma haka ake yi masa?

Amsa: Ba daidai ba, 'yar uwa. Harshensa ya girmi na Chaucer ƙwarai, har Bature na yau sai ya koye shi kamar baƙon harshe. Ɗango 3,182 ne, a kwafin hannu guda ɗaya tak wanda wata gobara ta taɓa gefensa a 1731. Ba ya amfani da amsa-amon ƙarshe, maimaita sautin farkon kalmomi yake yi. Yana kiran teku "hanyar kifin whale", jikin mutum kuma "gidan ƙashi". Mai kunnen kirari ba zai sha wahala a nan ba. Ki bar irin waɗannan sunaye yadda suke a karon farko, ki sa jimlar da ke biye ta nuna cewa teku ake nufi, ko jikin mutum.