Free_MB ɗin nan ya taɓa cinye min kuɗin wata uku

Kai yaro, ka ce in nuna maka yadda ake duba lafiyar rukunin faifan ASM, tsarin da manhajar rumbun bayanai ta Oracle ke haɗa faifai da shi don ajiya, da wurin da ya saura, da umarni kawai. Shiga da asusun grid, wato asusun da ke kula da ASM a sabar, ka buga asmcmd lsdg. Saita ORACLE_SID kuwa, sunan da ke nuna wa umarnin wane ASM zai haɗu da shi, ba zan ɓata yawuna a kai ba. In ba ka iya ba, koma Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Legas, ka ci gaba da liƙa gilashin waya. A teburin da zai fito, State ya ce MOUNTED, wato rukunin na aiki, Offline_disks, adadin faifan da suka fita daga aiki, ya zama sifili. Wannan ko makaho ya laluba.

Inda ake yanka mutum shi ne Free_MB, jimillar wurin da babu komai a kan faifan. Lokacin ina ji da kaina, wani kamfani a Victoria Island ya tambaye ni ko akwai wurin loda sabbin bayanai. Na leƙa, na ga kusan giga 600, na bugi ƙirji na ce su loda. Ban kalli Type ba. NORMAL ne, wato duk abin da ka rubuta sau biyu ake ajiye shi. Ga kuma Req_mir_free_MB, giga 200 da ake keɓewa don ranar da faifai zai mutu. Cire 200 daga 600, raba biyu: giga 200 kacal gare ni. Lissafin yana zaune a Usable_file_MB, layi ɗaya, ina kallonsa yana kallona.

Suka zuba kusan 280. Daren wata Juma'a faifai ɗaya ya mutu, ASM ya tashi sake rarraba kwafin, ba wuri. ORA-15041, saƙon kuskuren da ke cewa wuri ya ƙare a rukunin. Ƙarfe biyun dare na baro Agege, na hau gadar Third Mainland ba ko shayi a cikina. Kwana biyu a ɗakin sabar nan mai sanyin tsiya, da hula da rigar ɗari, har aka kawo sabon faifai. Ko layi ɗaya na bayanan bai salwanta ba. Amma manajan, wanda na daɗe ina roƙo ya sayi faifan ko-ta-kwana yana ce min babu kasafi, shi ne ya riƙe min kuɗin wata uku, wai sakacina ne. Allah ya isa.

Ku yaran yanzu sai ɗaukar hoton allo ku turo a WhatsApp, karatun lambar ya gagare ku. Usable_file_MB za ka karanta min. In ka ga alamar ragi a gabansa, kira ni, ko ina cikin cunkoson Oshodi ne.