Ta yaya kamfanin fatauci ya mallake Indiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa kafin gwamnatin Ingila ta karɓi mulkin Indiya, wani kamfani ne yake juya akalar ƙasar. Ta yaya 'yan kasuwa za su mallake ƙasa mai sarakuna da rundunoni? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka karanta gaskiya ne, amma ba a rana ɗaya aka yi ba. Ranar 31 ga Disamba, 1600, Sarauniya Elizabeth ta Farko ta ba wasu attajiran Landan takardar izinin fatauci a ƙasashen gabas, suka kafa East India Company. Masoro da kanumfari da gyaɗar ƙamshi suka fito nema, sai dai kamfanin Holan, wanda aka kafa a 1602, ya riga su kankane tsibiran Indunisiya, har ya yi wa mutanen Banda kisan kiyashi a 1621 domin gyaɗar ƙamshi ta zama tasa shi kaɗai. Wannan ya sa Ingilishi suka karkata ga yadin auduga na Indiya, inda suka daɗe suna roƙon alfarmar sarakunan Mugal, masu mulkin yawancin Indiya a lokacin, kafin su buɗe rumbunan ajiya.

Da daular Mugal ta raunana, sai kamfanin ya shiga ɗaukar 'yan ƙasa aikin soja yana tsoma baki a rikicin sarauta. A yaƙin Plassey na 1757, Robert Clive, jagoran sojojin kamfanin, da mutum kusan 3,000 ya rinjayi Siraj ud-Daulah, mai mulkin Bengal, wanda ya zo da kusan 50,000. Ba jarunta ce ta ba shi nasara ba, an riga an shirya da Mir Jafar, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Siraj, wanda ya tsaya da mayaƙansa suna kallo.

A ganina, 1765 ce shekarar da ya kamata ka riƙe. A cikinta Sarkin Mugal Shah Alam na Biyu ya miƙa wa kamfanin ikon karɓar harajin Bengal da Bihar da Orissa. A da, sai fatake sun yi dakon azurfa daga Turai kafin su sayi yadi. Daga wannan shekara kuwa, da harajin manomin Bengal ake sayen saƙar maƙwabcinsa, da shi kuma ake biyan sojan da zai tsare su duka biyun. Ko a yunwar 1770, wadda ta hallaka miliyoyin mutane, ba a fasa karɓar harajin ba.

Boren da sojojin kamfanin 'yan Indiya suka yi a 1857, wanda maganar shafa wa harsasai kitsen saniya da na alade ta rura wutarsa, shi ya sa gwamnatin Ingila ta ƙwace mulkin daga hannun kamfanin a 1858. Mu ma nan an yi mana makamancin haka: kamfanin Royal Niger na George Goldie ya sami takardar izini a 1886, ya riƙe soja da kwastan a gaɓar Kwara da Binuwai, har ranar 1 ga Janairu, 1900, da Lugga ya karɓi ragama a Lokoja.