Ta ina suka hango gari daga sama?

Tambaya: Dan Allah tsofaffin zanen biranen Turai ɗin nan, ya akai suka zana gari kamar daga sama alhali ba jirgi ba kyamara?

Amsa: Toh ɗan'uwa, wasunsu hasumiyar coci suke hawa. Wani mai zane, Wenceslaus Hollar, daga hasumiyar wani coci a kudancin kogin Thames ya hango Landan, zanen ya fito 1647, a kan faranti shida na jan ƙarfe ya zana shi, kuma a juye ake zanawa kamar hatimi don in an buga a takarda ya fito daidai, kai aikin akwai cin rai. Na Jacopo de' Barbari kuwa, birnin Venice a 1500, a katako aka sassaƙa shi, kuma babu hasumiyar da ta kai tsayin da za a hango garin haka, awo ne da ƙiyasi. Ni dai na Hollar ya fi burge ni, don gobarar 1666 ta lashe da yawa cikin gidajen da ya zana.