Amsar Goggo Kan Maganar Takwararta

'Yata, saƙonki ya iso, kuma ya sa ni murmushi kafin ya tayar mini da hankali. Kin ce takwarata, wadda ba ta daɗe da cika shekara 9 ba, ta fara ƙirgar dangi, surukarki kuma ta tuna miki da al'adar nan ta cewa 'ya mace ba ta ganin jininta na fari a gidan ubanta, shi ne kike tambaya ko maganar tana da tushe. Yarinyar da har yanzu take kuka idan an cinye ta a 'yar carafke, ita ce ake yi wa lissafin ɗakin miji.

A zamaninmu jini ba ya zuwa da wuri haka. Tuwon dawa da miyar kuka muke ci, mu yi surfe, mu yi daka, mu ɗebo ruwa daga nesa, saboda haka yawancinmu sirara ne, kuma nawa bai zo ba sai da na haura shekara 14. Da kaka ne, muna masussuka ana shiƙar gero, tun safe marata take murɗawa ban gaya wa kowa ba, sai wata yayar ƙawata ta ja ni gefe, ta cire mayafinta ta ɗaura mini a ƙugu, ta ce in tafi gida kada in tsaya. Na tafi ina kuka, domin a zatona wani mugun ciwo ne ya kama ni. Ban doshi mahaifiyata ba, tunda ni 'yar fari ce, ko sunana ba ta faɗa. Ɗakin Iya, kakarmu, na shiga, na tarar tana kaɗi. Ta dube ni, ta ajiye mazari, ta saki asabari, sannan ta yagi wani tsohon zane mai laushi ta ninka, ta nuna mini yadda ake ɗaurawa da yadda ake wankewa a shanya a rana. Ta dama mini kunun kanwa, ina sha tana koya mini wankan tsarki, da cewa zan bar salla da azumi, in rama azumin ban da sallar. Da daddare, da Baba ya zo da zancen sa rana, ina jin ta tana ce masa jini baƙo ne da ya riga iso, hankali kuwa yana can baya a kan hanya, kuma sauri ya haifi nawa.

Sai da na shiga aikin ungozoma na gane zurfin maganarta. Ƙashin ƙugun yarinya yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan hailar farko, kuma na karɓi yara da aka kawo bayan doguwar naƙuda, ɗa ya mutu a ciki, uwa ta tashi da yoyon fitsari, sai an tura ta asibitin Babbar Ruga a Katsina a yi mata gyara. Iya takan ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Game da takwarata, likitoci suna ɗaukar fitowar nono tsakanin shekara 8 zuwa 13 a matsayin daidai, haila kuma takan biyo bayan kamar shekara 2. Wadda ta fara kafin shekara 8 ita ce ake gaggauta kai wa asibiti, domin ƙasusuwanta na iya rufewa da wuri ta rasa tsawo. A Turai ta ƙarni na 19 sai wajen shekara 16 'yan mata suke fara haila, yanzu kuwa 12 zuwa 13 ne, kuma ƙiba na daga cikin manyan dalilai, tare da gado da zaman gidan da babu kwanciyar hankali. Ku kuma kun cika yara da lemon kwalba da taliyar leda, kun hana su guje-guje.

Abin da ya fi damuna shi ne zuciyarta. Yarinyar da ta riga tsararrakinta girma ta fi saurin faɗawa damuwa, takan riƙa duƙar da kafaɗa tana ɓoye ƙirji, ta janye daga wasa, ko ta koma cikin ƙawayen da suka girme ta, maza kuma su fara yi mata kallon budurwa alhali tunaninta na yara ne. Da, kunyar uwa ba ta cutar da yarinya, saboda akwai kaka da goggo a cikin gida ɗaya. Yanzu kun ware kun kama gidajenku, kun riƙe kunyar kun bar kakannin a ƙauye, sai wayar hannu ta zama mai yi wa yara bayani.

Ki saya mata 'yar shimi mai kauri, ki ajiye audugar mata inda ta sani, ki daina aikenta kanti ita kaɗai bayan magariba, kada kuma ki bari a cire ta daga makaranta. Idan an yi hutu ki kawo mini ita ta kwana biyu. Surukarki kuwa ki bar ni da ita, tsarata ce, zan je har gida mu zauna.