Tambaya da Amsa: "Babu netwok" ya hana mu gawar yayana har bayan azahar

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Watan da ya wuce yayana ya yi hatsarin mota tare da babban ɗansa. Shi ya rasu nan take, yaron kuma ya cika a asibiti cikin dare, aka sa su duka a mutuware. Da asuba muka je karɓa, aka ce sai an fitar da bil a kwamfuta, ga shi babu netwok. An haƙa kabari, an sanar da jana'iza ƙarfe goma, amma ba mu same su ba sai bayan azahar. Muna zaune wani mutum ya zo ya ce mu ba shi dubu ashirin ya fito mana da su ba tare da takarda ba. Kawunmu ya hana, har yau wasu 'yan uwa na jin haushinsa. Shin kwamfutar nan ba dabarar tatsar masu makoki ba ce? Kuma da mun ba mutumin kuɗin, me zai faru, tunda mun san namu? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta, ya ba ku haƙurin wannan babban rashi. Ka gaishe min da kawu, ka faɗa masa ni, jami'in adana bayanan asibiti da ya daɗe yana kula da rajistar mutuware, na ce ya yi daidai.

Amma fa an ɓata muku, ba zan kāre asibiti a nan ba. Rashin netwok ba hujja ba ce ta riƙe gawar Musulmi daga asuba zuwa azahar. Duk mutuwaren da ya san aikinsa yana da babban littafin rajista na hannu da rasit na ko-ta-kwana, da jami'in da aka ba ikon sa hannu a saki gawa, in sabis ya dawo a shigar da bayanan. Inda babu wannan tanadi, sakaci ne na shugabanni, ba laifin na'ura ba. Sannan ina kyautata zaton ba netwok kaɗai ya tsayar da ku ba. Mutuwar hatsari, kamar ta kisa ko ta ba-zata, tana da hannun 'yan sanda a ciki, kuma asibiti ba ya sakin irin wannan gawa sai da takardarsu. Ma'aikatanmu da yawa sun ɗauki "babu netwok" sun mai da ita amsar kowace tambaya saboda ƙyuyar yin bayani. Wannan hali yana ƙona min rai, domin da an gaya muku gaskiya tun da asuba, da ɗayanku ya tafi caji ofis maimakon ku zauna kuna kallon taga.

Batun kuɗi ba shi da wuya. Ana shigar da ranar da gawa ta shigo da lokacinta, daga nan lissafin kwanakin firji ke farawa. Ka tambaya ko kwana a wurinsu awa 24 ne ko kuwa tsallake sha biyun dare, domin asibitoci sun bambanta. Allurar hana ruɓewa kuɗinta daban, kuma wanda za a binne washegari ba ya bukatarta, sanyin digiri 2 zuwa 4 ya wadatar. In ka gan ta a bil ɗinku ba wanda ya nema, ka yi magana. Bashin jinya shi ma layinsa daban. A asibitocin tarayya, tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015, kuɗin hukuma ta manhajar biyan kuɗi irin su Remita ko wurin kashiya yake bi, da rasit. Don haka kwamfuta ba ta ƙirƙiro kuɗin ba, abin da ta yi shi ne toshe aljihun da a da yake shiga. Shi ya sa waɗanda suka fi kowa zagin ta su ne masu shawagi a bakin ƙofar mutuware.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna na rubuta wannan amsa: "mun san namu." Kusan kullum sai na ji ta, kuma na ga irin ɓarnar da take yi.

Malam, ba ka san naka ba kamar yadda kake zato. Fuskar mamaci ba ita ce fuskar da ka saba gani ba. Jini ya daina gudu, launi ya canja, kumatu sun faɗa ko sun kumbura, baki ya saki, an cire hula da tabarau. Ka ƙara da raunin hatsari da kwana cikin sanyi. Shi kuma mai dubawa bai runtsa ba, idonsa cike da hawaye, yana tsoron abin da zai gani. Ana ɗaga zane sai ya kalla na daƙiƙa biyu, ya kau da kai, ya ce shi ne. Ba ƙarya yake yi ba, zuciyarsa ce ta riga idonsa yanke hukunci.

A wani asibiti da na yi aiki, dattawa biyu suka rasu dare ɗaya a ɗakin jinya ɗaya, dukansu sunansu Muhammadu, dukansu da farin gemu. Iyalan ɗaya suna da hanzari da ido da sani, suka sallami wani, aka fito musu da gawa ta ƙofar baya, ɗansa na cikinsa ya duba ya ce mahaifinsa ne. Aka yi wanka, aka sallata, aka binne a ƙauyensu. Da hantsi iyalan na biyu suka zo da takardunsu cif, aka jawo aljihun firji, matarsa ta ce wannan ba mijinta ba ne, nata yana da tabon aiki a ciki. Ba na son tuna abin da ya biyo baya. Sai da hakimi da malamai da 'yan sanda suka shiga, gida biyu suka yi makoki sau biyu. Wanda ya karɓi kuɗin kuwa ba a sake ganinsa ba.

Abin da ke hana irin wannan ɗan abu ne ƙarami: lamba. Ana ɗaura wa gawa awarwaron roba a hannu ko a ƙafa, ɗauke da lambar da babu mai irinta. Lambar nan ce a katin jinya, ita ce a jikin aljihun firji, ita ce a kwamfuta, ita ce a takardar saki. Suna ba ya isa. A garin da unguwa ɗaya za ka samu Abubakar Muhammad goma, wa zai dogara da suna? Lokacin fitarwa ana karanta lambar a gaban mai karɓa, ma'aikaci ya sa hannu, mai karɓa ya nuna shaidarsa ya sa hannu. Tsarin kwamfuta mai kyau ba zai buga takardar saki ba in lambobin ba su dace ba, kuma yana rubuta wanda ya taɓa bayanin da lokacin da ya taɓa. Mutumin da ya nemi dubu ashirin, wannan matakin yake sayar muku da tsallake shi. Zai shiga da sauri, yana waige kada a gan shi, ya jawo aljihun da yake zaton shi ne. A kan zatonsa za ku yi sallah.

Kuma ba musanya kaɗai ba ce. A rajista ne ake sa alamar gawar da ke ɗauke da cuta mai yaɗuwa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana dawo mana duk rani, kuma ana kamuwa da shi ta jini da ruwan jikin mamaci. Irin wannan gawa ma'aikata masu kayan kariya ke shirya ta, iyali su yi sallah ba tare da taɓawa ba. Ɗan cuwa-cuwa bai san da alamar ba, ko ya sani bai damu ba. Sai a kai gida, masu wanka su yi aikinsu da hannu tsirara, bayan mako biyu a fara kwasar su zuwa asibiti.

Na san abin da ke tunzura mutane. Addini ya umurce mu da gaggauta jana'iza, ni ma a kan haka nake, shi ya sa nake faɗa da abokan aikina kan jinkiri. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce gaggawa ta halatta ka binne mahaifin wani a kabarin naka ba, ko ka miƙa cin hanci. Masu yaɗa jita-jitar cewa ana riƙe gawa ne don a yanke wani abu a jikinta su ma su ji tsoron Allah. Gawar da ke da lamba, da sa hannun wanda ya karɓa da wanda ya miƙa, ita ce ta fi wuyar taɓawa. Wadda ta fita ba rubutu ita ce ba mai iya ba da bahasinta.

A lamarinku akwai wani abu da wataƙila ba ku lura ba. Ka ce uban ya rasu nan take, ɗan kuma ya cika a asibiti. A fiƙihun Malikiyya, in mutum biyu suka mutu ba a san wanda ya riga ba, ba sa gadon juna. In kuwa ya tabbata ɗan ya rayu bayan uban ko da na awa ɗaya ne, ya gaje shi, rabonsa kuma ya gangara ga nasa magadan. Hukuncin na alƙali ne, amma shaidar da zai nema tana cikin bayanan nan da ake rainawa: an kawo uban a mace, an buɗe wa ɗan kati a sashen gaggawa ƙarfe kaza, likita ya tabbatar da rasuwarsa ƙarfe kaza. Da kun bi ta bayan fage, da ranar rabon gado sai dai a yi ta rantse-rantse.

Ka koma asibitin da rasit ɗinku ka karɓi takardar likita ta dalilin mutuwa ga kowannensu. Kafin ka bar wurin ka duba rubutun suna harafi da harafi, ya dace da na katin ɗan ƙasa da na banki, ka duba kwanan wata da lokaci, domin gyara daga baya wahala ce. Daga nan ka kai ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ita doka ta 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, su ba ka takardar shaidar mutuwa. Banki da kamfanin fansho da kotu duk za su neme ta. Jinkirin da aka yi muku kuma kada ka bar shi a zuci. Ka rubuta ƙorafi da ranar da abin ya faru da awannin da kuka yi kuna jira, ka kwatanta mutumin da ya nemi kuɗin, ka miƙa a teburin SERVICOM, wato sashen karɓar ƙorafin jama'a, in asibitin na tarayya ne, ko ofishin babban likita in na jiha ne, ka ce a buga maka hatimin karɓa a kwafinka.